Kujerar Inna Mai Ɗamarar Tagulla

Da sunan Wanda ya ɓoye itace a cikin ƙwaya, ya ɓoye ƙarfe a cikin dutse, ya bar ɗan Adam da wahalar nemo su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ku da kuke zaune a rumfata kuna satar kallon ƙafata, ku daina wahalar da wuyanku. Ni ne Ranau masassaƙi, autan Gwamma, mutumin Kwarin Inuwa. Yau zan gaya muku inda na samo wannan ɗingishi, da dalilin da ya sa kujerun da nake yi rabi itace ne rabi tagulla. Wanda ya ga kamar ƙarya ce ya riƙe abinsa, ni dai da ƙafata na je.

Ƙasarmu tana can bayan duwatsun da rana ke jingina da su in ta gaji. Al'adarmu kuwa, ranar da aka haifi yaro, uwarsa takan ɗauki ƙwaya daga bishiyarta ta shuka masa tasa. In ya yi wayo, sai masassaƙi ya yanko reshe guda ya sassaƙa masa kujera. Kujerar nan da ranta take zama. Kullum da safe mai ita zai yayyafa mata ruwa, ita kuma tana riƙe da ɗan toho a gefe, kore shar. Muddin tohon yana nan, mai kujera yana nan. In zazzaɓi ya kama shi ganyen ya langaɓe, in ya warke ya miƙe. Shi ya sa a garinmu ba a tambayar mutum lafiyarsa, kujerarsa ake leƙawa. Kuma matafiyi ba ya barin tasa a gida.

Kujerar Inna ta kanya ce, ta yi baƙi ta yi santsi saboda daɗewa. A kanta take tuƙa tuwo, a kanta take tsefe kai, a kanta take yi wa unguwa duka faɗa. Wata safiya ta tashi za ta ɗauko muciya, sai muka ji ƙas! Kujera ta tsage tun daga mazauni har kusa da ƙafafu. Kafin rana ta take, Inna tana kwance a tabarma, ganyen tohon kuma ya fara zuba.

To mu masassaƙa ragewa muka iya. Ba ni kututture in rage shi har turmi ya fito, in rage shi har akushi ya fito. Amma haɗa abin da ya rabu, wannan ba a koya mana ba. Na liƙa ƙaro, ya ɓalle. Na liƙa danƙo, ya ɓalle. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don ni ban san duniya babu muryar matar nan ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, zan tafi da ita in nemo wanda ya san haɗi."

Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Kai ɗin, Auta? Kai da in an aike ka kasuwa sai ka tsaya kallon gajimare?" Ta maida numfashi. "To ɗauki. Amma wallahi in ka bar ta da ƙishi, ko a lahira sai na ja maka kunne."

Na goya kujeru biyu, tata da tawa, na rataya gizago da goran ruwa da ɗan ƙunshin kanwa, na kama hanya.

Na ratsa wani fili da ciyawarsa ke rera waƙa ƙasa-ƙasa in iska ta bi ta kanta, har mutum ya ji kamar ana kiran sunansa daga ƙuruciya. Na wuce wani tafki inda gajimare ke saukowa su sha ruwa su koma, kuma a nan, Allah ya sani, na ɗan tsaya kallo. Kowace safiya kafin in kurkure bakina sai na shayar da kujerar Inna, in duba ganyenta, in ce mata, "Ina kwana, Inna?" Haka na yi ta tafiya har na isa Kurmin Jinkiri.

Mutanen kurmin nan ba sa sare itace, ba sa barin ƙarfe ya shiga musu. Tun a bakin kurmi aka karɓi gizagona aka rataye a reshe. Ciki kuwa, tabɗi! Gadajensu shuka su suke yi. Mutum zai lanƙwasa 'yan itatuwa tun suna ƙanana, ya saƙa su da juna, ya koma gefe ya jira, jikansa ya kwanta a gadon. Na ga kujeru masu fure, na ga wani teburi da yake zubo wa masu cin abinci ɗinya a cikin kwano. Komai nasu a hankali yake. Dattijonsu, wani mai suna Anaruwa, ya ce mini "sannu" da hantsi, bai kai ga "da zuwa" ba sai da azahar ta gabato.

Na nuna masa tsagar. Ya shafa ta, ya shinshina ta. Abin da ya faɗa zan taƙaita muku, don in na bi yadda ya faɗe shi sai kun yi furfura a nan.

Ya ce, "Ɗana, bakin tsagar ya bushe, busasshe kuwa ba ya kama busasshe. Sai ka kankare gefe da gefe har ka tarar da ɗanye, ka sa ɓallin ɗanyen itace a tsakani, ka ɗaure tam har su manta da cewa sun taɓa rabuwa. Mu aure muke ce masa. Amma fa itacen sai na jininta."

Na ce, "Baba, a ina zan samu na jininta a wannan nisa?"

Kallon kujerar da ke bayana kawai ya yi, tawa, wadda aka sassaƙa daga bishiyar da Inna ta shuka mini da ƙwayar kanyarta. Na ce to.

Saura ɗauri. Muka gwada igiyar kargo, muka ja tsagar ta haɗe, muna saki igiya ta tsinke. Muka gwada saiwa, ta tsinke. Anaruwa ya ce tsohon itace taurin kai gare shi, na ce ai da ka san mai shi. Ya ce in kwantar da hankalina, zai shuka mini kurangar da za ta riƙe ta, kuma in Allah ya so 'ya'yana za su ga ta isa ɗauri. Kafin nan, in zauna a kujerar baƙi.

Kai, jama'a, ban taɓa zama a abu mai daɗin wannan kujera ba. Ta san inda bayana ke ciwo ta tallafe wurin. Ƙamshin fure ya lulluɓe ni, haske yana ɗigowa ta cikin ganye, gajiyar hanya ta narke. Na ji 'yan rassa suna bin cinyata a hankali, na ce su bi. Can gefe na hangi waɗansu baƙin da suka riga ni zuwa, suna zaune suna murmushi, gansakuka ta rufe musu gwiwa, wani har kurciya ta yi sheƙa a rawaninsa. Mutanen kurmi ba da mugunta suke yi ba. A wurinsu babbar karramawa ita ce baƙo ya yi saiwa.

Abin da ya farkar da ni ɗan sauti ne, ƙaramin gaske. Ganye ne ya faɗo daga kujerar Inna ya sauka a kan ƙafata. Na zabura, ashe rassa sun riga sun ɗaure ni har ƙugu, ga shi babu gizago. Na lalubi aljihu na ji ƙunshin kanwa. Na marmasa ta a tafin hannu na barbaɗa a kan rassan. Nan take suka yamutse, suka janye kamar yatsun da suka taɓa tukunya mai zafi. Na suri kujeruna na zuba da gudu, na fizgi gizagona a bakin kurmi. Ina jin muryar Anaruwa a baya yana cewa, "Tun..." Na tabbata "yanzu" bai fito ba sai da na yi nisa.

Fataken da na haɗu da su a hanya suka ce in ɗauri nake nema wanda ba ya tsinkewa, in tafi Birnin Zubi. Na bi wani kogi da ya kafe, wanda yashinsa ke walƙiya, har na hango birnin yana ƙyalli a ƙarƙashin wata irin rumfa ta gilashi da ta rufe shi ruf.

A Birnin Zubi babu abin da ya tsiro da kansa. Bishiyoyinsu na tagulla ne, ganyen na dalma, in iska ta kaɗa sai gari ya ɗauki ƙara siririya kamar ta munduwa. Tsuntsayensu na ƙarfe ne, ana murɗa su da safe su yi ta kuka har la'asar. Sun yi wa birnin rufi ne don kada ruwan sama ya taɓa shi. Kun san tagulla in ta sha laima kore take yi. To su wannan koren shi ne annobarsu, shi ne dodon da suke tsorata 'ya'yansu da shi. Kowace safiya gari duka zai fito da magagari da toka ana neman inda ya yi kore a goge. Da na fahimci haka tun a ƙofa, sai na yafa mayafina a kan tohon kujerun biyu. Ruwan sha ma aunawa suke yi, don haka nakan guntsi rabona in juya baya in fesa wa kujeru.

Aka kai ni wurin Sarkin Zubi, Dogara, wani ƙato mai ƙonannun gira da dariya mai cika ɗaki. Ya duba tsagar ya ce, "Wannan ce ta fito da kai daga garinku? Haba, Malam! Je ka ci abinci, kafin ka wanke hannu an gama."

Na so in tsaya, ya ce a garinsu baƙo ba ya shiga maƙera da yunwa. Aka ja ni zaure aka ajiye mini akushin tagulla. Na kai loma ta fari ke nan sai na ji wani sauti daga ciki, ƙarr, ƙarr, ƙarr. Magagari!

Ban san lokacin da na tsallake akushin ba. Na tarar da Dogara ya yaye mayafin, ya sunkuya a kan kujerar Inna yana goge tohon da iyakar gaskiyarsa. Ganyaye na ƙasa a yayyage. Guda ɗaya tak ya rage, ƙarami, a can saman tsinken. A gefe kuma ga narkakkiyar tagulla tana tafasa.

Na faɗa kan kujerar na rungume ta ina ihu, "Kashe ta za ka yi! Uwata za ka kashe!"

Ya ja da baya, mamaki ya cika shi. "Subhanallahi! Malam, taimakonka nake yi. Tsatsa ta ci kujerar nan har ta yi kunnuwa, ban taɓa ganin mai muni irinta ba. In na goge, in zuba mata rigar tagulla gaba ɗaya, ita da tsagewa har abada."

Na yi masa bayani ina haki. Ya saurara da ladabi, irin sauraron da ake yi wa wanda rana ta buga. Sannan ya ce dokar gari ce, duk abin da ya yi kore ko a goge shi ko a jefa shi wuta, shi ma ba shi da ikon ɗagawa. Na duba maƙerar ina neman mafita, sai idona ya sauka a kan ganyayen dalma da ya zuba, jere a bango, kowanne da jijiyoyinsa kamar a taɓa ya motsa. Na gane mutumin nan yana son aikinsa fiye da yadda yake tsoron doka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda a goge. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ka zuba mini irin wannan ganye a tagulla, daidai da shi, in koma da shi gida abin tunawa. Ranar da naka ya yi daidai da wannan, ka goge."

Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce aikin yini ne. Ya auna ganyen ta kowace fuska, ya yi zubi, washegari ya kawo ya ɗora a kai. Nasa ya gaza kaɗan. Ya ɗaure fuska, ya ce ma'auninsa ne ya samu matsala. Ya sake aunawa, ya sake zubawa, ya kawo, ya gaza. Ni kuwa ina gefe ina fesa ruwa a ɓoye, ina tura kujerar inda hasken rufi ke sauka, ina cewa a zuciyata, yi ta girma, Inna, yi masa taurin kan nan naki. Ganyayen tagulla suka taru a faifai, kowanne ya fi na jiya girma, babu wanda ya cim ma na Inna.

Wata safiya na same shi tsugune gaban tohon, ya tallafe haɓa. Wani sabon kunne ya ɓullo a gefen na farko, mitsitsi, a naɗe.

Ya ce a hankali, "Tsatsa cin abu take yi. Wannan ƙara shi take yi. Ranau, wa yake zuba ta daga ciki?"

Na ce, "Wanda ya zuba ni da kai."

Da ya miƙe sai ya ce, "To in haka ne ita kanta kujerar tana ƙaruwa. In na yi mata riga za ta shaƙe, in na yi mata zobe zai yanke ta." Ya kamo wani tsuntsun ƙarfe ya buɗe cikinsa, ya zaro wata murɗaɗɗiyar waya ya nuna mini yadda take miƙewa in an ja, ta koma in an saki. "Ɗamara za mu yi mata mai numfashi. Ta riƙe tam, amma ta ba da wuri. Kuma a sanyi zan ƙera ta, wuta ba za ta kusance ta ba."

Wallahi ni da zan shekara ina tunani ba zan kai ga wannan dabara ba. Ya yi ta bugu da masaba har ɗamarar ta fito, siririya, mai lanƙwasa kamar tafiyar ruwa. Da ta kammala, sai aiki ya dawo kaina. Na kankare bakin tsagar har ɗanye ya bayyana. Na jawo kujerata na kifa ta. Dogara ya tambayi abin da zan yi, na gaya masa. Ya ce, "In ka yanki ƙafarta, kai fa?" Na ce ban sani ba, ba wanda ya taɓa gwadawa a garinmu.

Na yi bisimilla na sauke gizago.

Zafin ya taso mini daga diddige har ƙugu, na ga maƙerar ta juya. Dogara ya riƙe ni ta baya yana cewa, "Sannu, ɗan'uwa, sannu," hannuna kuwa bai tsaya ba, don ɓallin ba ya son shan iska. Na fere shi, na zura shi a tsagar yana ɗigar ruwa, muka ja ɗamarar muka ɗaure. Tsaga ta haɗe. Muka saki hannu muna jiran ƙas, ba mu ji komai ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, ba na jin kunyar faɗa.

Sai dai labari ya riga ya fita cewa akwai kore a maƙerar Sarkin Zubi, masu goge-goge sun fara taruwa da magagarai. Dogara ya dubi faifan ganyayen nan da suka gaza, ya yi murmushi. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura a jikin ɗamarar, ƙanana a ƙasa manya a sama, suka tashi kamar reshe suka yi wa tohon rumfa, sai wanda ya san yana ciki zai gan shi. Tohon tawa kuma ya kifa masa ƙaramar ƙararrawa. Kujerar Inna ta koma wani abu da ba a taɓa gani ba, baƙin itace a ƙasa, jan ƙarfe yana fure a kansa. Da muka fito, mutane suka buɗa hanya suna salati. Mai tsaron ƙofa har da sa hannun riga ya ƙara goge ganye ɗaya, ya ce, "Kai, Sarkin Zubi ya iya! Kamar mai rai." Na ce masa ai kuwa.

Dogara ya raka ni har inda rufin gilashi ya ƙare. Ya tsaya a bakin inuwar ya kasa takawa waje. Ya ce, "In kanyarku ta yi 'ya'ya, ka aiko mini da ƙwaya ɗaya. Ina da wani lungu da ba mai shiga." Na aika masa, kuma har yau shi yake aiko mini da tagullar da kuke gani a aikina.

Komawa ta fi zuwa tsawo, don ƙafar hagu ta riga ta gaza, sai na sari sanda. Amma kowace safiya in na leƙa ƙarƙashin ganyayen tagulla sai in ga kore ya ƙaru. Ranar da na shiga gida, tun daga zaure na ji murya tana yi wa wata maƙwabciya faɗa a kan tsintsiya. Na yi hamdala na kutsa ciki.

Tana zaune a tabarma, ta rame, amma idon nan yana nan. Na ajiye kujerar a gabanta. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Wannan wane irin tarkace ka rataya wa kujerata? Ce maka aka yi amarya ce ni?"

Ta dafa kafaɗata ta hau ta zauna. Ta gyara zama, ta ce ƙarfen da sanyi. Sannan hannunta ya bi mazaunin yana shafawa, har ya kai kan ɓallin nan mai haske a tsakiyar baƙin itace. Hannun ya tsaya. Ita ta shuka bishiyar, ita ta yi ta ba ta ruwa tun ina goye, yaya za a yi ta kasa gane ta?

Ta ce, "Auta, taka in gani."

Na ce, "Gajiyar hanya ce, Inna."

"Na ce ka taka."

Na taka zuwa bakin rijiya na dawo. Ta miƙa hannu na ba ta kujerata, ta ajiye a ƙasa, kujera ta yi ta rangaji a kan gajeriyar ƙafa. Inna ta kai hannu jikin tata ta ɓalle ganyen tagulla guda, mafi girma, ta ninke shi da haƙori, ta cusa a ƙarƙashin ƙafar har rangajin ya tsaya. Hawaye na bin kumatunta, muryarta kuwa ko rawa ba ta yi ba.

"Zauna, sakarai. Ka tsaya mini a ka."

Ta rayu har ta yi wa 'ya'yana faɗa, har itacen ya yi ƙiba ya haɗiye rabin ɗamarar. Kuma tun daga ranar har Allah ya karɓi abinsa, kullum da safe in ta ɗebo ruwa, tawa take fara yayyafa wa, sannan tata.

Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na manta Allah ya fi ni saninsa. Mai son ganin ganyen ya sunkuya, ga shi nan a ƙarƙashin ƙafar kujerar da nake kai, har da shaidar haƙoranta. Amma kada wanda ya zare mini shi.